Ni Na Rubuta Sunayen Mabuƙata 40, Shi Ya Sa Nake Cewa A Ba Kowa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ina roƙon fili a jaridarka, kuma ka yi mini haƙuri in wasiƙar ta yi tsawo, domin maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohon malamin firamare ne, shekara 35 na yi da alli a hannu kafin na yi ritaya. Da yake rubutuna yana karantuwa, kuma yawancin magidantan unguwarmu sun bi ta ajina, duk lokacin da aka ce a kawo sunaye ni mai unguwa yake aika wa yaro. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kwanon masara ya bi sahu. Ana cikin haka saƙo ya zo mana cewa a rubuta gidaje 40 da suka fi buƙata, za a kawo tallafi. Gidajen unguwarmu sun haura 300.

Bayan sallar isha'i muka zauna a zauren mai unguwa, mu shida, da fitilar caji a tsakiyar tabarma da littafi a cinyata. Sai a ambaci gida, a yi shiru, wani ya ce, "Ai wannan yana da ɗa a Legas." A ambaci wani, a ce, "Wannan yana da babur." Babur ɗin kuwa na haya ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas kafin ya ci ya sha. Da aka zo kan wata baiwar Allah mai marayu biyar, sai aka ce gidanta ginin bulo ne da rufin kwano, in masu dubawa suka zo suka gani za su ce mun yi son kai, su soke unguwar gaba ɗaya. Mijinta direba ne, ya gina ɗakuna biyun nan kafin hatsari ya ɗauke shi a hanyar Zariya. Bulo ba ya shiga tukunya. Wankau take yi da dakau, ranar da ba a kawo ba su kwana da ruwan zafi. Duk mun san haka, amma aka tsallake ta, kuma hannuna ne ya tsallake.

Washegari da sassafe 'yarta ta yi sallama a ƙofar gidana. Ɗalibata ce a da, mai ƙoƙari a lissafi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, Inna ta ce a tambaye ka ko an sa mu." Na ce mata ta ce ina gaishe ta, za a sake wani rabon. Ta ce to, ta miƙe, ta gyara hijabinta ta tafi. Har yau in na tuna yadda ta ce "to" ɗin nan, abinci fita yake daga raina.

Akwai kuma wani dattijon tela da idonsa ya mutu, wanda ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai fito ya ce yana cikin buƙata ba. Irinsu muke kira masu rufin asiri, kuma su ne yunwa ta fi ci, don babu jerin da yake ganinsu. Da takardar ta je inda ta je ta dawo, sunaye 17 kawai muka gane a ciki, sauran ba mu taɓa jin su a unguwar ba. Wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Maƙwabta biyu da suka shekara 20 suna cin abinci a kwano ɗaya, har yau ba sa ga maciji, saboda ɗaya ya samu, ɗayan yana zargin shi ya sa aka cire shi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: me zai hana a ba kowa, a huta da zaɓe? Na ɗauka tunanin tsoho ne da ya rasa barci. Ɗana da ke jami'a ne ya nuna mini a waya cewa akwai mutane a ƙasashe da dama da suka shafe shekaru kusan 40 suna fafutuka a kan wannan magana, kuma tun lokacin nake bibiyarsu. Abin da suke nema shi ne wani kaso na kuɗi da za a riƙa ba kowane ɗan ƙasa a kai a kai, a hannunsa shi kansa, mace ko namiji, mai aiki ko marar aiki, ba tare da sharaɗi ba, ba tare da an leƙa tukunyarsa ba. Ni kason ɗan ƙasa nake kiransa. Mai kuɗi ma a ba shi, sai a karɓe ninkinsa ta hanyar haraji. A 1986 wasu malaman jami'a da 'yan gwagwarmaya suka haɗu a garin Louvain-la-Neuve na ƙasar Beljiyam suka kafa ƙungiyar BIEN, cikinsu har da Philippe Van Parijs da Guy Standing. Da farko ta Turai ce kaɗai, a 2004 suka mayar da ita ta duniya baki ɗaya, don maganar ta riga ta kama a Brazil da kudancin Afirka.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na Namibiya, don can Afirka ce, kuma talaucinsu ya yi kama da namu. A 2002 wani kwamitin haraji da gwamnati ta kafa da kanta ya ba da shawarar a riƙa ba kowa dalar Namibiya 100 a wata. Aka sa rahoton a durowa. Sai majami'u da ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyoyin yaƙi da cutar ƙanjamau da sauran ƙungiyoyin sa kai suka haɗa kai a 2005, ƙarƙashin jagorancin Bishop Zephania Kameeta na cocin Lutheran. Da suka gaji da rubuta wasiƙu, suka ce gani ya kori ji. Suka yi karo-karo, daga masu ibada a coci har abokan arziki na ƙasashen waje, suka zaɓi wani ƙauye mai suna Otjivero, kimanin kilomita 100 gabas da Windhoek babban birnin ƙasar. Ƙauye ne na korarrun ma'aikatan gona, gidajen kwano da leda, kewaye da manyan gonakin da ba nasu ba. Daga Janairun 2008 zuwa Disambar 2009, duk wanda bai kai shekara 60 ba a ƙauyen, mutum kusan 930 har da jarirai, aka riƙa ba shi dala 100 ta ƙasar kowane wata. An bar 'yan 60 ne saboda a Namibiya duk wanda ya kai wannan shekarun yana da fanshon tsufa daga gwamnati, ko bai taɓa aikin albashi ba.

Abin da suka ƙirga bayan shekara guda shi ne: yaran da nauyinsu bai kai ƙima ba saboda rashin abinci sun sauka daga kashi 42 cikin 100 zuwa kashi 10. Yaran da ke barin makaranta, waɗanda a da sun kusa kashi 40, kusan babu su. A matsayina na malami wannan ne ya fi taɓa ni, don na san yadda kujera take zama wayam a aji da zarar damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare. Asibitin ƙauyen da ake biyan dala 4 kafin a ga ma'aikaciyar jinya, kuɗin da yake samu a wata ya tashi daga wajen 250 zuwa wajen 1,300, ma'ana mutane sun fara zuwa. Ƙararrakin da ake kai wa 'yan sanda sun ragu da kashi 42. Wata mata ta fara gasa burodi tana sayarwa, wasu suka kama buga bulo, wasu ɗinki. Dalilin a fili yake: a da ko ka yi sana'a babu mai saye, yanzu kowane gida da ɗan abin da zai saya da shi.

Ga wani abu da na so dattawanmu su ji. A watan farko an sha giya a ranar biya, kamar yadda masu suka suka yi hasashe. Mutanen ƙauyen da kansu suka zaɓi kwamiti na mutum 18, suka zauna da masu mashaya, aka yi yarjejeniya cewa ranar biya a rufe. Babu ɗan sandan da ya zo, babu jami'in da ya ba da umarni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba zan ɓoye ba, gwamnatin Namibiya ba ta ɗauki shirin ta yaɗa shi a ƙasa ba, duk da cewa shi Kameeta ya zama ministan yaƙi da talauci a 2015. Masu suka kuma sun ce waɗanda suka yi ƙirgen su ne masu goyon bayan abin, kuma ba a ware wani ƙauyen da ba a ba kuɗi ba don a kwatanta. Sukar tana da tushe. Amma waɗanda suka biyo baya sun toshe wannan kafa. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya, ƙungiyar SEWA, wadda ta mata masu ƙananan sana'o'i ce, irin masu talla da ɗinki da aikin gona, ta haɗa hannu da UNICEF daga 2011. Ƙauyuka 8 aka ba kowa a cikinsu, babba rufi 200 yaro 100 a wata, daga baya aka ƙara zuwa 300 da 150, aka ajiye wasu ƙauyuka 12 ana kwatantawa. Kowace mace a asusunta aka zuba nata, na yara kuma a hannun uwa. Abinci ya inganta, bashin masu ba da rance da ruwa ya yi sauƙi, aka sayi awaki da kekunan ɗinki.

Na Kenya ya fi duka girma. Ƙungiyar GiveDirectly tana tura kuɗi ta waya, ta M-Pesa, ga mutum sama da 20,000 a ƙauyuka kusan 200 na yankunan Siaya da Bomet. Wasu an yi musu alƙawarin kimanin dala 22 ta Amurka duk wata har shekara 12, wasu shekara 2, wasu kuma aka ba su dala 500 a dunƙule sau ɗaya. Sakamakon da masana suka fitar a ƙarshen 2023 ya nuna mutane ba su ajiye aiki ba. Abin da ya faru shi ne da yawa sun bar ƙwadago a gonar wani sun koma sana'ar kansu, shan giya kuma bai ƙaru ba. Wani abin da na karanta na yi ta jinjina kai: waɗanda suka san kuɗin zai daɗe yana zuwa, adashi suka shiga da shi, don wanda kwasa ta zo kansa ya samu jarin buɗe shago. Ko a Siaya ko a Funtuwa, talaka ya san lissafin kuɗinsa. Duk mai cewa za a mayar da mutane cima-zaune, ina roƙonsa ya zo unguwarmu da asuba ya ga masu tura kurar ruwa da masu fita da garma da matan da ke hura wutar ƙosai, ya nuna mini wanda naira dubu biyar za ta sa ya koma ya kwanta.

A Turai salon fafutukar daban ne, sa hannu suke tarawa. A Suwizalan doka ta ce in ka tara sa hannun mutum 100,000 dole a kai maganarka gaban masu ƙuri'a. 'Yan sa kai suka tsaya a tashoshin jirgin ƙasa da bakin kasuwanni har suka tara 126,000. Ranar miƙawa, a Oktoban 2013, suka zo da tifa cike da ƙwandala miliyan 8, ɗaya a madadin kowane mazaunin ƙasar, suka juye a dandalin majalisa a birnin Bern. Da aka yi ƙuri'ar a ranar 5 ga Yuni, 2016, kusan kashi 77 cikin 100 suka ce a'a. Sun faɗi, amma sun sa duniya ta tattauna. Shekarar da ta biyo baya Finlan ta fara gwaji da marasa aiki 2,000, yuro 560 a wata har shekara biyu. A Jamus wata ƙungiya tun 2014 take tara gudummawa ta intanet, ta yi ƙuri'a, wanda ya ci a ba shi yuro 1,000 duk wata har shekara.

Tun da na ambaci Suwizalan, bari in tuna wa masu karatu cewa daga can aka dawo da dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha, aka zuba su a shirin ba gidaje naira 5,000 a wata a zamanin Buhari. A 2023 aka fara cewa naira 8,000 ga gidaje miliyan 12, jama'a suka yi ca, aka koma naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Wato raba tsabar kuɗi ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Amma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama. In mabuƙata sun kai kashi 63 cikin 100, zaɓen mabuƙaci ya zama caca, mai riƙe da alƙalami kuma ya zama abin fadanci ko abin tsinuwa. Na riƙe shi, na sani.

Wasu abokaina na majalisa sun ce mini wannan tunanin Turawa ne. Na tuna musu abin da muka karanta a tarihin halifofi. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, daidai wa daida yake raba dukiyar baitulmali, ɗa da bawa, namiji da mace. Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓa daga baitulmali, ya yanka wa mutane kaso na shekara. An ruwaito cewa wani dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina ya ji jariri yana ta kuka. Ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Ba ta san shi ba, sai ta ce tana ƙoƙarin yaye shi ne da wuri, don Umar ba ya yanka kaso sai ga yaron da aka yaye. Da gari ya waye ya yi salla kuka na cin ƙarfinsa, ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye yara, daga yau kowane jariri yana da kaso tun ranar haihuwarsa. Sharaɗi ɗaya tak ya sa, ya ga abin da sharaɗin ya haifar a cikin dare ɗaya, ya cire shi. Wannan ba zakka ba ce, zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata. Haƙƙin mutum ne a dukiyar da ta kowa ce.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce mai nauyi. Na yi lissafin a bayan kalanda. In mun kai miliyan 220, aka ba kowa naira 5,000 a wata, ya kama naira tiriliyan 1.1 duk wata, tiriliyan 13.2 a shekara. Kasafin gwamnatin tarayya na 2024 da aka sa wa hannu tiriliyan 28.7 ne. Kusan rabi ke nan, kuma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Iran ma ta bar mana darasi. A Disambar 2010 ta cire tallafin mai da burodi, ta koma ba kusan kowane ɗan ƙasa riyal 455,000 a wata, wajen dala 45 a lokacin. An bar adadin a tsaye shekara da shekaru, tsadar kaya ta cinye shi har ya koma ba a bakin komai ba. Amma duk da haka su sun cire tallafi sun mayar wa kowa wani abu a hannu. Jihar Alaska ta Amurka kuwa tun 1976 take ware wani ɓangare na kuɗin mai a asusu na musamman, kuma tun 1982 kowane mazaunin jihar, har yaro na goye, yana karɓar rabonsa na ribar duk shekara. Na farko dala 1,000 ne.

Don haka ba na cewa gobe a fara da kowa. Cewa nake a fara da rukunin da ba ya buƙatar zaman zaure: duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a hannun uwarsa, ko duk wanda ya haura 65. Shekaru ba su da ɗan uwa a ofis. Ko kuma wani gwamna ya ɗauki mazaɓa guda, ya ba kowa a cikinta na shekara biyu, ya gayyaci jami'o'inmu su ƙirga abin da zai faru. In an ce ba za a iya kaiwa ga kowa ba, sai in ce masu allurar shan inna sun shiga gida-gida har rugage da tungaye, ba su tambayi ko gidan bulo ne ba, kuma da haka aka wanke Najeriya daga cutar a 2020. Akwatin zaɓe ma yana isa ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Kirana ga ƙungiyoyinmu ne, don a yawancin wuraren da na lissafa ba gwamnati ce ta farka da safe ta ce ga shi ba. A Afirka ta Kudu tallafin rand 350 da aka kawo a 2020 saboda korona na wata shida ne kawai aka tsara shi. Ƙungiyoyi irin su Black Sash da 'yan ƙwadago suka tsaya kai da fata, aka yi ta ƙara wa'adi, a 2024 ya koma 370, kuma suna nan suna neman a mayar da shi na dindindin. A Brazil Sanata Eduardo Suplicy ya yi shekaru yana nacin maganar har aka sa hannu a dokarta a Janairun 2004, ko da yake aiwatarwa ta tsaya a kan mafi talauci. Mu nan muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na teloli da na malaman makaranta, muna da kwamitocin masallatai da na coci, muna da matan adashi a kowane layi. In za a yi rabo kowa rige-rige yake ya tura sunayen mutanensa. Ban taɓa jin mun zauna mun ce a daina karɓar sunaye ba.

Masu wannan fafutuka sun ware mako guda a watan Satumba na kowace shekara, suna taruka a ƙasashensu lokaci ɗaya. Na yi magana da limaminmu da shugaban teloli da uwar adashin layinmu, mun shirya za mu zauna a makon, ranar Asabar bayan la'asar, a harabar makarantar da na koyar. Za mu karanta labarin Otjivero da Hausa, mu ji ta bakin jama'a, mu tara sa hannu mu kai wa ɗan majalisarmu na jiha. Yarinyar da ta zo ƙofar gidana, yanzu tana babbar sakandare, ita ce take ja mini layi a takardun sa hannun, don idona ya fara rauni. Ina roƙonka, Malam Edita, ka turo mana wakilinka ranar, kuma ka buɗe shafi ga masana tattalin arzikinmu, masu goyon baya da masu suka, su duba lissafin da na yi a bayan kalanda su gyara mini inda na kuskure.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Funtuwa, Jihar Katsina.